Sabon Fenti a Baranda

Ƙarfe goma da rabi na safe aka bugo waya caji ofis. Wani dattijo ya faɗo daga barandar benen gidansa, kuma dangi sun tsare wata mata, sun ce ita ta turo shi.

Ko da Sufeto ya isa tare da Kofur, an riga an lulluɓe gawar a tsakar gida. Kusa da ita ga wani ɓangaren ƙarfen baranda da ya ɓalle ya biyo dattijon, baƙin fentinsa sai ƙyalli yake. Shekara ashirin da biyu Sufeto yana ganin gawa, amma har yau ta tsoho tana karya masa zuciya.

Matar tana zaune a falo da fararen kayan aiki. Nas ce, daga asibiti ta biyo.

"Me ya kawo ki gidan nan?" in ji Sufeto.

"Saye zan yi, yallaɓai. Mun daidaita da Baba tun watan jiya. Sai na kawo injiniya ya duba, ya rubuta cewa rufin kicin yana yoyo, wayoyin wuta sun tsufa, ƙarfen baranda kuma tsatsa ta cinye gindinsa."

"Ya yarda zai gyara?"

"Sati biyu muna ja-in-ja. Na ce ya rage mini in gyara da kaina, ya ce shi ba zai miƙa wa mutum gida da ciwo a jiki ba. A ƙarshe na ɗauki wayoyi, shi ya ɗauki rufi da baranda. Yau ƙarfe sha ɗaya injiniya zai sake dubawa, ni ce na riga shi zuwa."

"An ce an ji kuna ɗaga murya."

"Cewa kawai na yi ba zan sa hannu ba sai injiniya ya gani. Sai ya ji haushi. Ya ce Autansa ne ya tsaya a kan aikin, ko ina nufin ɗansa maƙaryaci ne? Ya juya ya jingina da ƙarfen baranda da dukkan nauyinsa don ya nuna mini."

Su biyu ne kaɗai a saman. Idan ƙarfen nan lafiyayye ne, to babu mai fitar da ita.

Auta, ƙaramin ɗan marigayin, tela ne, shagonsa yana ɗakin gaba na gidan. Idanunsa sun yi jawur.

"Kai ka kula da gyaran?"

"Ni ne. Mai walda ya zo ranar Litinin, ya wuni yana yi. Ga rasit."

"To yaya aka yi ƙarfen da aka gyara ranar Litinin ya karye ranar Alhamis?"

"Sai dai in ture shi aka yi da ƙarfi, yallaɓai." Bai ɗago kai ba da ya faɗi haka.

Sufeto ya hau bene, daidai lokacin da injiniyan ya iso riƙe da 'yar gudumarsa. Sufeto ya sa makullin mota ya kankare fentin da ke gindin ƙarfen da ya rage. Garin tsatsa ya zubo.

"Wuta ba ta taɓa wannan ƙarfen ba," in ji injiniyan. "Siminti aka shafa, aka bi da fenti. Da na iso, bugu ɗaya zan yi masa in gane."

Sufeto ya zura yatsa a ramin da tsatsa ta ci, ya zaro abin da aka cusa don ya riƙe simintin. Ƙyallen yadi ne, shuɗi mai ratsin fari, an yanke shi da almakashi tsaf. Ya sa shi a aljihu.

Shagon mai walda yana bayan layi. Da ya ga kaki sai ya hau rantse-rantse tun kafin a tambaye shi komai, abin da Sufeto ya daɗe da sanin ba alamar gaskiya ba ce.

"Ƙarfe nawa ka sauya?"

"Huɗu, ranka ya daɗe. Ko biyar."

"Barandar titi take kallo ko tsakar gida?"

Mai walda ya dubi Kofur, kamar shi zai ba shi amsa. Daga nan ya sauke murya. "Ban je ba. Auta abokina ne. Ya ce in rubuta masa rasit, tsohon ne ya dame shi, aikin kuma sai wani satin."

Sufeto ya koma shagon Auta. Ya ajiye ƙyallen a kan keken ɗinki, kusa da rigar da ba a gama ba. Yadinsu ɗaya.

Auta ya daɗe yana kallonsa, sannan ya zame ya zauna a ƙasa.

"Ba kuɗin gyaran na ci ba, suna nan cikin aljihun tebur. A gidan nan aka haife ni, yallaɓai. A ɗakin can Mama ta rasu. Na roƙi Baba kada ya sayar, ya ce ya gaji da hawa bene, zai koma wurin Yaya. Sai na ce bari in rufe da fenti ya ɗauka an yi. Na san injiniya zai gano, matar ta yi fushi ta fasa. Cinikin kawai nake so ya lalace." Ya rufe fuska. "Baba ya fi shekara bai fita barandar nan ba."

"Kuma ka bar baiwar Allah tana zaune a falo ana kiran ta mai kisa," in ji Sufeto.



Yayar Auta, wadda ita ce ta fara cakumar nas ɗin da safe, tana tsaye a bakin ƙofa ta ji komai. Ba ta zage shi ba. Ta dafa bango ta koma ciki, ta durƙusa gaban matar tana ba ta haƙuri.

Nas ɗin ta fito daidai lokacin da Kofur yake sa wa Auta ankwa. Ta ciro takardun ciniki daga jaka ta miƙa wa yayar.

"Ku riƙe, Yaya. Ba zan iya kwana a gidan nan ba. Allah ya jiƙan Baba."

Auta ya ji da kunnensa an fasa cinikin. Sai a lokacin kuka ya ƙwace masa, irin wanda Sufeto bai so ya tsaya ya saurara ba. Motar asibiti ta fita da dattijon, tasu ta bi bayanta.