Lallen Kaka da Babban Yatsa

A garin Tsaskiya, cikin ƙasar Safana, akwai wata yarinya mai ƙoƙarin karatu. Tana ajin ƙarshe na sakandare. Burinta ta shiga jami'a ta karanta aikin jinya. Sai dai akwai abin da ta ɓoye wa kowa, wato tsoro.

Da an ambaci jarrabawar shiga jami'a, sai gabanta ya faɗi. Tafin hannunta ya jiƙe da gumi. Tuwo ma ya daina wuce mata. Idan innarta ta ce, "Lafiya kuwa?" sai ta ce, "Lafiya lau, Inna." Wannan lafiya lau ɗin kuwa ko akuyar gidan ba za ta yarda da ita ba.

Wata rana malamar ajinsu, Malama Zuwairatu, ta tara ɗalibai don ta yi musu bayanin ƙa'idojin jarrabawar. Yarinyar tana jin haka sai ta miƙe. Ta sulale ta koma bayan aji, ta zauna gindin darbejiya da littafinta.

"Gara in yi karatu da in zauna jin abin da zai ƙara tayar mini da hankali," in ji ta.

Shafi ɗaya ta yi ta maimaitawa, ba abin da ya shiga kanta. Bayanin Malama kuma ya wuce ta.

Ana saura 'yan kwanaki a yi jarrabawar gwaji, kakarta ta kira ta bayan la'asar.

"Ke, kawo hannun nan in gani. Kai! Kamar kin fito daga rafi. Mi ke damunki?"

"Zafi ne kawai, Kaka."

"Zafi? Ai maganin zafin hannu lalle ne. Da shi muka tashi."

Kaka ta kwaɓa lalle mai kauri. Ta lafta mata har kan yatsu, ta ɗaure hannuwan da leda. Gaskiya yarinyar ta ji sanyi har cikin ranta. Lallen kuwa ya kama sosai, kan yatsun ya yi duhu.

Ranar gwaji, babanta ya goya ta a babur zuwa Dutsin-Ma. A bakin ɗakin kwamfutoci akwai wata ƙaramar na'ura. Sai ta gane zanen yatsan ɗalibi kafin a bar shi ya shiga.

"Ɗora babban yatsa," in ji jami'in da ke wurin.

Ta ɗora. Na'ura ta ƙi.

"Goge ki sake."

Ta sake. Ta gwada ɗaya hannun. Shiru.

Jami'in ya duba yatsun, ya girgiza kai. "Ƙanwata, lalle ya rufe zanen. Na'ura ba ta gane ki ba. Ba a faɗa maku a makaranta ba?"

Tana tsaye 'yan ajinsu suka shige ɗaya bayan ɗaya. Kunya da baƙin ciki suka rufe ta, ta fashe da kuka. Babanta bai yi faɗa ba. Ya tayar da babur, ya ce, "Hau mu tafi gida. Riƙe ni da kyau."

Suna isa, ta ɗauki dutsen goge kaushi da ruwan bilic na wanki ta shige bayan ɗaki. Ta fara dirzar yatsa kenan Inna ta riƙe hannunta.

"Subhanallahi! Fatar za ki ɗaye?"

Ana cikin haka aka yi sallama. Malama Zuwairatu ce. Ta durƙusa ta gaida Kaka, aka tambayi gida da gajiya da mutanen makaranta. Sannan ta juyo ga ɗalibarta.

"Na ja kunnenku kan lalle. Ina kike ranar?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai. "Guduwa na yi, Malama. Tsoro nake ji. Gani nake zan faɗi in ba Baba kunya."

Baba ya matso kusa da ita.

"Ɗiyata, wa ya ce maki don jarrabawa nake son ki? Ki ci, ki faɗi, ke tawa ce. Ki yi iya ƙoƙarinki, sauran ki bar ma Allah."

"Ni ma sai da na ji tsoro lokacin tawa," in ji Malama. "Tsoro ba laifi ba ne. Wannan gwaji ne kika rasa, babbar tana gaba. Kada ki dirje yatsun, za ki lalata zanen. Ki riƙa shafa man kaɗe, lallen zai fita da kansa."

Kaka ta riƙe haɓa. "Oh ni! Ashe har an yi injin da ba ya son kwalliya?"

Kowa ya yi dariya, har da mai kukan.

Daga ranar ta daina ɓuya. Abin da ba ta gane ba, sai ta tambaya. Tana karatu, tana hutawa, tana cin abincinta. Malama ta koya mata cewa idan gabanta ya faɗi, ta ja numfashi a hankali, ta sauke a hankali, ta yi addu'a. Lallen ya yi ta koɗewa har yatsun suka koma fes.

Ranar babbar jarrabawa ta zo. Zuciyarta ta buga, ba ƙarya. Ta ja numfashi, ta yi bisimilla, ta ɗora yatsa.

"Shiga," in ji jami'in.

Da sakamako ya fito, ta ci da maki mai kyau. Baba ya yi ta hamdala, Inna ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo.

Yara, kowa yana jin tsoron jarrabawa. Amma tsoron da aka ɓoye yana toshe kunne, ya sa mutum kuskure. Idan ya kama ku, ku faɗa wa iyayenku da malamanku, za su taimake ku.