Ranar Da Iveren Ta Daina Ciniki Da Allah

Iveren na dakan sakwara a gidansu da ke Gboko, sai ga mahaifiyarta ta faɗo ko gaisuwa babu.

"Ajiye taɓaryar nan ki haɗa kayanki mu tafi!"

"Haba Mama, ki zauna ki sha ruwa mana—"

"Ruwan me? Murya kika aura, murya ta tafi. Zaman me kike yi kuma?"

Maganar ta soki Iveren, don akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Tun tana budurwa, ba don Allah ta shiga ƙungiyar mawaƙan coci ba, don Terhemba ne, malamin firamaren da ke jan waƙa har tsofaffi su share hawaye. Bayan aurensu ciwo ya kama maƙogwaronsa. Aka yi tiyata, rai ya tsira, amma murya ta koma raɗa. Koyarwa ta gagara, ya koma gonar doyar mahaifinsa.

"Mama, mijina ne fa. A gaban Allah na yi alkawari."

"Allahn da kike ta yi wa azumi har kin zama tsinke? Me ya ba ki?"

Mama ta fice fuuu. Iveren ta juya, sai ga Terhemba a bakin ƙofa da fartanya a kafaɗa. Ya ji komai. Ta durƙushe tana kuka.

"Na yi azumi, na yi alkawarin ba da baiko a coci, na ce ba zan ƙara waƙa ba sai Allah ya dawo maka da muryarka. Shiru! Anya yana ji kuwa?"

Ya zauna kusa da ita, ya kai baki kunnenta.

"Masoyiyata, wannan ai ciniki ne, ba sujada ba. Ni ma da ina waƙa, rabi don tafi nake yi. Sai da aka karɓe muryar na fara yi wa Allah magana da gaske."

Iveren ta share hawayenta. Ashe ita ma ba ta taɓa zuwa gaban Ubangiji don shi kansa ba, kullum da ƙoƙon bara take zuwa.

Washegari da asuba, kafin su tafi gona, ya jawo benci ya fara kaɗa shi da yatsu. Ya dube ta. Da ƙyar ta buɗe baki ta fara waƙa. Haka suka ɗore kowace safiya: ta karanta Maganar Allah, ya raɗa mata sabuwar waƙa, ita ta rera. Wata rana a kan kunyar doya ta tsinci kanta tana yi wa Yesu godiya, ba ta roƙi komai ba, kuma zuciyarta fal da farin ciki.

Murya dai ba ta dawo ba. Amma ranar godiyar kaka a coci fasto ya ce su fito. Terhemba ya riƙe ganga, Iveren ta ja waƙar da ya tsara a gona, jama'a suka amsa har rufin kwano na amo.

Da aka tashi, sai ga Mama a gindin mangwaro, idanu jajur.

"Wa ya yi waƙar nan?"

"Surukinki ne, Mama."

Tsohuwar ta kama hannunsa mai kanta. "Ɗana, ka yafe mini. Bakina ya yi kaushi."

Terhemba ya sunkuya ya raɗa mata wata magana. Mama ta fashe da dariya cikin hawaye.

"Ji ɗan nema! Wai in zo firaktis ɗin mawaƙa ranar Laraba, suna neman mai babbar murya!"

Ta kuwa je.

Wanda ya ƙaunaci Allah don kyautarsa, ranar da kyauta ta yanke ƙauna za ta yanke. Wanda ya ƙaunace shi don shi kansa, ko an karɓe masa komai, ba a raba shi da abin yabo.