Ruwan Batirin Gidaɗo

Magariba ta kawo jiki a unguwar Arkilla lokacin da UPS ɗin gidan Gidaɗo ya soma kuka, jar fitilarsa tana ƙiftawa, alamar batir ya gaji. Wannan akwatin ajiyar wuta shi ke riƙe na'urar da Inna, mahaifiyarsa, take numfashi da ita in an ɗauke wuta.

Gidaɗo mutum ne mai zuciya a kusa, kuma ba a gaya masa ya ji. Matarsa Dijatu ta ce a kira mai gyara, ya daka mata tsawa. Ya ciro batirin, ya tuttule ruwansa a kwata ko bisimilla babu, ya ɗura masa ruwan rijiya.

Kukan bai daina ba, sai ma aka ƙara da jifa. Kullum rana ta faɗi, duwatsu ke sauka a kan kwano, ba a ganin mai jefowa. Gidaɗo ya zagi maƙwabta, ya zagi mai shagon batir. Ranar da 'yarsa Zaituna ta zube tana magana da muryar ƙato, ya ce yauwa, ga aljanin da ke shanye masa wuta. Ya manna baƙin salatif a kan jar fitilar, ya ɗauko Malam Junaidu daga Hubbare.

Malam ya yi ta karatu har gumi ya jiƙa masa riga, sannan ya ce, "Mi anka yi maka?"

"Shi yaz zuba ma ɗiyata ruwan wuta cikin kwata!" in ji muryar. "Duk jikinta ya saɓule!"

"Bai sani ba. Mi kaka so ka hita?"

"Shi ba ni haƙuri da bakinai."

Gidaɗo ya haɗiye fushi kamar maɗaci, ya ba da haƙuri. Amma hali zanen dutse. "Kuma ka sakam min akwati!" ya ce. "Ran uwata na ciki!"

Muryar ta yi wata dariya mai sanyi. "Jihwa ni nay yi. Akwatinka ko, ban taɓa shi ba. Gaskiya yaka hwaɗa maka tun rannan, kai kar ruhe mai ido."

Zaituna ta yi atishawa, ta farka. Na'urar Inna tana ta gurnani.

Nan aka ɗauke wuta. UPS ya yi ƙara guda, ya mutu. Cikin duhu Gidaɗo ya ji Inna tana jan iska da ƙyar. Ya buɗe baki zai yi zagi, ya rasa wa zai zaga.