Gayyar Gonar Damri

Ranar Talata ce, kasuwar Mafara ta cika maƙil, Abdulrashid ya shigo shagon wanke hoto riƙe da wani tsohon hoto da ya dafe. Hindatu ta taso daga gaban kwamfuta ta karɓa. Samari ne reras da fartanyu, a ƙasa an rubuta "Ƙungiyar Samarin Tauraro, Bakura."

"Wannan na gefe ai Babana ne," ta ce.

"Na tsakiya kuma nawa ne, shi ne Sarkin Samari." Ya yi murmushi. "Ashe tun ba a haife mu ba aka haɗa mu."

Ta harare shi, amma lambar da ta rubuta a bayan ambulan ba ta shago ba ce.

Wata huɗu saƙo na kai da komo. "Hindu tawa, yau tuwo ba gishiri, don ban ji muryarki ba." Ta mayar: "To Rashidi, turo manya, ka daina ɓata wa tuwo suna."

Manya suka je. Malam Jatau, mahaifinta, yana jin sunan Sambo, mahaifin Abdulrashid, ya sa aka naɗe tabarma.

Gwaggo ce ta warware wa Hindatu zancen. A da ƙungiyar nan ita ce garin: su ke shirya kalankuwa bayan kaka, su yashe rijiya, su share maƙabarta, in ɗayansu na neman aure su fita gayya gonar surukinsa. Jatau ya kira gayya a Damri, gonar uban wata Taibatu da yake nema. Aka dama fura, aka tuƙa tuwo. Sambo ya kwashe samarin kaf zuwa kallon kokawa a Maradun. Jatau ya wuni shi kaɗai a gona, 'yan mata na leƙe suna ƙyalƙyata dariya. Aka hana shi Taibatu, shekara na zagayowa Sambo ya aure ta. Ita ce ta haifi Abdulrashid.

Hindatu ta durƙusa gaban mahaifinta, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Baba, mu me muka yi?"

"Ba ku yi komi ba, ɗiyata. Shekara arba'in nike jiran Sambo shi zo neman wani abu hannuna, ga shi Allah ya kawo shi. Gonar nan ta Damri tuni na saye ta. Shi ɗauko fartanya, shi da 'yan ƙungiyar da suka rage, su nome mani ita. Ban son yaro, ban son ɗan ƙwadago."

Kwana uku Hindatu ba ta iya cin abinci. Ran na huɗu saƙo ya shigo: "Baba ya rantse ba ya zuwa. Inna ta ce masa ita ta dama furar ran nan, ita ta zubar da ita da hannunta. Yanzu ga shi yana wasa fartanya."

Cikin samari talatin, tsofaffi bakwai suka iso gonar, da tsohon makaɗinsu. Malam Jatau ya kafa kujera a inuwar tsamiya, ya ɗora ƙafa kan ƙafa, daɗi fal cikinsa.

"Sarkin Samari, ka bar ciyawa bayanka."

Hindatu ta kawo fura, ya ce ta aje. Rana na take tsaka, ƙugun Sambo ya riƙe, ya dafa ƙasa yana haki.

"Jatau, na cuce ka. Ka yafe mani."

Malam Jatau ya nuna masa kunyar geron da ya faro.

"Ƙarasa kunyar tukuna."

Sai da ya ƙarasa ta tas. Sannan Malam Jatau ya miƙe, ya ɗauki ƙwaryar da kansa ya kai masa bakin kunya, idonsa jajur.

"Sha. Shekara arba'in tana jiran ka."

Bayan kaka aka ɗaura auren a Bakura, da geron gonar aka dama furar biki. Tsofaffin biyu suka zauna tabarma ɗaya suna sa wa Hindatu da Abdulrashid albarka, Allah ya ba da zaman lafiya da zuriya ɗayyiba. Sambo dai da hannu ɗaya ya shafa addu'ar, ɗayan na dafe da ƙugu.