Taku Ashirin da Huɗu

A kasuwar Kazaure Falalu ya fara ganin Ma'u, shekarar da gwamnati ta ce kowa ya noma kayan miyarsa a bayan gida. Shi malamin gona ne, ɗan Gwiwa, dogo siriri. Yana raba iri a ƙullin takarda, ta tsaya gaban teburinsa.

"Malam, idan na karɓa ina zan zuba?"

"Kuna da fili?"

"Akwai, tsakanin rijiya da rumbu."

"Ki auno mini da taku. Zan zana miki."

Da ta tafi sai ya ga ya ba ta irin kuɓewa sau biyu, bai ba ta tumatir ba.

Washegari da la'asar ya kai mata tumatirin har zauren gidansu. Namiji baƙo ba ya wuce zaure, don haka bai ga filin ba. Ta ce ta auna: tsawo taku ashirin da huɗu, faɗi goma sha shida. Falalu ya san takunsa yadi guda ne cif, da shi yake auna ko'ina. Ya rubuta yadi ashirin da huɗu. Ya zana fangali takwas, wato ƙananan filayen shuka, da hanyar ruwa daga rijiya wadda za ta tsaya nesa da rumbu.

Zane ya ƙare, zuwa zaure bai ƙare ba. Ta fara ce masa Malamina, shi kuma Manomiyata.

Mahaifinta, Alhaji Maikasuwa, ɗan kasuwar yadi ne, kuma manomi tun kaka da kakanni. Ya juya takardar sama, ya juya ta ƙasa.

"Kai ne mai noma da fensir?"

"Ni ne, Baba."

"Filin da ba ka gani ba?"

"An auno mini."

"To. Idan lambun nan ya yi, ka turo manyanka. Idan bai yi ba, ka san hanyar Gwiwa."

Akwai wani mai nemanta, Lauwali, akawu ne mai sabon babur. Da ya ji zancen lambu sai ya aiko da katan ɗin tumatirin gwangwani, ya ce hannun Ma'u ba na fartanya ba ne. Ta ajiye katan ɗin bayan ƙofa. Ta ɗauko sandar awon yadin mahaifinta, ta bi takarda layi-layi.

Fangali na shida ya kai gindin rumbu. Ta sake aunawa, haka. Ta ce a ranta malami ya fi ta sani. Ta matse sauran biyun, ta haƙa hanyar ruwa yadda aka zana. Kullum guga talatin take zubawa.

Bayan sati uku gindin rumbu ya jiƙe, dawar da ke ƙasa ta yi baƙi. Alhaji bai ɗaga murya ba. Ya ce kada a ƙara shimfiɗa wa malamin gona tabarma.

Gwaggo Tasalla, ƙanwar Alhaji, ita ta kai wa Falalu wasiƙa ofis.

"Malamina, na bi takardarka ban kauce ba. Ruwa ya ci rumbun Baba. Idan ka gaji da ni ne, da baki ya kamata ka faɗa. Taka, Ma'u."

Falalu ya karanta sau huɗu. Gida goma sha ɗaya ya zana wa lambu a garin nan, duk sun yi. Ya sake lissafi, daidai. Ya sake, daidai. Sai zuciyarsa ta tafi kan babur ɗin Lauwali. Ya rubuta:

"Manomiyata, tsakanin ruwa da rumbu na bar yadi bakwai. Ban san yadda aka yi ba. Idan wani kika zaɓa, ba sai an ɓata dawar Baba ba. Naki har yanzu, Falalu."

Gwaggo ta kai wa Ma'u, ta dawo masa ba amsa. Ta ce, "Ni ban iya karatu ba, ɗan nan, amma abin da ka rubuta ya sa ta kuka."

Kwana biyar bai gane kansa ba. Ya ba wani mutum irin albasa a matsayin alayyafo. A na shida da hantsi ya tafi ƙofar gidan. Ba shi da izinin shiga, sai ya tsaya a kusurwar katanga ta waje ya fara taku yana ƙirgawa. A taku na goma sha tara katangar ta ƙare. Ya ci gaba har ashirin da huɗu, ya tsinci kansa a ƙofar maƙwabci. Ya dawo ya sake.

Alhaji na zaune a kan dakali yana kallonsa.

"Gidan nawa za ka saya?"

Falalu ya durƙusa. "Baba, ku gafarce ni. Gidan duka taku goma sha tara ne. Ta yaya filin da ke cikinsa zai zama ashirin da huɗu?"

Tsohon ya leƙa zaure. "A kira mini Ma'u."

Ta fito idonta a ƙasa.

"Ku tsaya nan, ku biyu. Kowa ya yi taku goma."

Suka yi. Da Falalu ya waiwayo, Ma'u na can baya, da tazara mai yawa.

"Manomiyata, haka kika auna?"

"Da zani nake tafiya, Malam. Ka taɓa ganin mai zani ta yi takun raƙumi?"

Gwaggo ta toshe baki a zaure. Falalu ya rasa inda zai sa fuskarsa.

"Laifina ne, Baba. Ban tambaya ba. Dawar da ta lalace, daga gonarmu za a kawo."

"Ba dawa nake nema ba." Alhaji ya shiga, ya fito da sandar awon yadi, ya miƙa wa 'yarsa. "Ki auno da wannan. Kai kuma ka sake zanen. Maganata tana nan."

Tsawon filin yadi goma sha huɗu ne. Falalu ya rage fangali zuwa biyar, ya juya ruwan ya bi ta wajen bishiyar zogale. Kafin a shiga bazara tumatir ya nuna, har maƙwabta suna aiko da kwano. Aka mayar wa Lauwali katan ɗinsa ba a buɗe ba.

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura aure. Alhaji ya sa musu albarka a taƙaice: Allah ya ba da zaman lafiya da zuriya ta gari. Da aka sauke kayan amarya a gidan Falalu, aka ga sandar awon a ɗaure da tabarma.

Da safe ya nuna mata filin da ke bayan ɗakinsu.

"Ina za mu sa tumatir, Manomiyata?"

Ta miƙa masa sandar. "Auna tukuna, Malamina. Ina biye da kai."