Muryar da Ta Fita Daga Wayar Husaina

Ranar wata Alhamis bayan la'asar Husaina ta fara ganinsa, a wani ƙaramin zaure a unguwar Zamalek ta babban birnin Misira, inda ake haska tsofaffin finafinan soyayya masu waƙa. Rakiyar ƙawarta Samar kawai ta yi. Jarumin fim ɗin yana bankwana da masoyiyarsa a tashar jirgin ƙasa, muryarsa siririya tana hawa sama a hankali, har ka ce yanzu za ta tsinke, amma ta ƙi. Husaina da ta shigo tana taɓe baki, sai ga ta tana share ido da gefen mayafi.

Saurayin da ke gabanta kuwa agogon wayarsa ya zuba wa ido. Da aka kunna fitila ta ga hularsa irin ta gida, bakinta ya kasa haƙuri.

"Malam, mutane na kuka kai kana duba lokaci?"

Ya yi murmushi. "Numfashin jarumin nake aunawa. Sakan ashirin da shida bai shaƙi iska ba."

Ukasha ke nan, ɗan Funtuwa, ɗalibin ƙira'a a unguwar Darrasa. Shehinsa ne ya ce wanda ke son ya iya jan aya mai tsawo, ya saurari yadda tsofaffin mawaƙa suke riƙe numfashi.

Kafin wata uku, Husaina ba ta da hira sai ta Ukasha.

"Ustaz na, yau sakan nawa ka yi ba ka tuna ni ba?" ta rubuta masa.

"Habibti, wannan numfashin ban iya riƙe shi ba. Ko sakan biyar ban kai ba."

Wata rana a bakin kogin Nilu, Samar na gefe, ta nace sai ya rera mata waƙar tashar jirgin nan. Ya waiga hagu da dama, ya rufe ido, ya ɗauka. Wallahi har mai sayar da gasasshiyar masara ya bar fifita wuta. Husaina ta ɗauke shi a waya.

A nan ta yi wautar da har gobe take cizon yatsa a kai. Daɗi ya kwashe ta, ta ɗora a status ba ta tambaye shi ba. Munzir, wanda ya daɗe yana nemanta tana kaucewa, ya kwafe ya watsa a zauren ɗaliban Najeriya, ya rubuta a ƙasa: "Ga sabon limaminmu." Kwana biyu, muryar ta isa Funtuwa.

"Malami aka ce mini, ashe mawaƙi ne," in ji mahaifinta, Alhaji Tijjani, ma'aikaci a ofishin jakadancin Najeriya da ke Misira. "Khalas, shi ke nan, kada in sake jin sunansa."

Ta goge bidiyon daga wayarta tana kuka, kamar gogewar za ta dawo da shi daga wayoyin mutane.

"Ka yafe mini. Ni na jawo maka," ta rubuta wa Ukasha.

"Ma'alish, ba komai, Husainata. Ni na rera, ba ke ba. Ki ci abinci don Allah."

Shehin da kansa ya hau tasi har gidan su Husaina a Zamalek, da sandarsa, ya ce wa Alhaji shi ya tura yaron sauraron mawaƙa don ya koyi riƙe numfashi. Alhaji ya sauko. Amma Malam Badamasi, mahaifin Ukasha, bai san wannan al'ada ta Misira ba, kuma bai nemi sani ba. Ya ce zai sa wa auren albarka da sharaɗi ɗaya: Ukasha ya dafa Alƙur'ani ya rantse ba zai ƙara rera waƙa ba har ya mutu, ko a ɗaka.

Husaina ta kira Ukasha. "Kada ka rantse! Mu jira, zai huce."

"Na san Baffa, ba ya hucewa. Da safe na rantse. Na auna ne, Habibti. Ke kika fi nauyi."

Aka ɗaura aure bayan sallar Juma'a a wani masallaci a unguwar Abbasiya. Malam Badamasi ya bugo waya ya yi addu'a mai tsawo, Allah Ya ba da zaman lafiya da zuriya ɗayyiba, kowa ya shafa. Husaina ta ce amin da zuciya ɗaya, don tana son mijinta, shi ma yana ji da ita.

Sai dai wani lokaci, in yana gugar kaya, takan ji ya ja dogon numfashi, sautin ya taso har maƙogwaro, sai ya haɗiye ya ce astagfirullah. Ita kuma ta tsaya a ƙofar kicin da ludayi a hannu.

Rabin ɗaliban Abbasiya suna da waƙar mijinta a wayoyinsu. Husaina ba ta da ita, kuma ba ta taɓa iya roƙon kowa ya turo mata ba.