Mai Gyaran Unguwarmu

"Wane ne tsohon da ya zo jiya?"

Ko sallama ba ta yi ba. Ta dire jakarta a kan teburin ɗakin gwaji da ƙarfi, har wayoyin mita suka zubo ƙasa. 'Yar Awo muke kiranta a ajinmu na injiniya, domin ba ta yarda da magana sai ta gwada ta da kanta. Shekara biyu muna tare, kuma mun yi alkawari cewa da zarar mun kare aikinmu na ƙarshe a gaban malamai, magabatana za su je gidansu.

"Ai na faɗa miki. Mai gyaran unguwarmu ne."

"Kalle ni ka sake faɗa."

Ban kalle ta ba. Na kafa ido a kan amfilifayar da muka haɗa tare, na'urar ƙara ƙarfin sauti, wadda ita ce silar komai.

Mako uku na'urar nan ta yi tana azabtar da mu. Da an kunna ta, sai lasifika ta ɓarke da wani siririn kuka mai tsinka kunne. Mun bi ƙananan sassanta ɗaya bayan ɗaya: mun sake lissafin kowane tiranzista, mun canza diyod, mun cire kwandansa mun sa sabo, amma kukan bai fasa ba. A takarda komai daidai yake. A kan tebur kuwa, ita da jaririn da aka ƙwace wa nono ba su da maraba.

Ranar Asabar na ɗauke ta a ɓoye na kai wa Baba. Shekara talatin da huɗu ya yi a wani ɗan shago yana gyaran rediyo, bai taɓa zama a aji ba. Na shimfiɗa masa zanen da'irar, ya ture shi gefe, ya juya allon ya duba bayansa.

"Wayar shiga da ta fita ka kwantar a wuri ɗaya," in ji shi. "Abin da ta faɗa yana komawa kunnenta, ba dole ta yi ihu ba?"

Ya raba su. Ya gajarce wayoyin ƙasa, ya tattara su a ɗigon dalma guda. Minti ashirin, murya ta fito tas. Ranar Litinin na ce wa 'Yar Awo a littafi na gano matsalar, ta yi tsalle tana cewa, "Hasken idona, na san kanka yana ja!"

Abin da ta sani game da mahaifina shi ne yana harkar lantarki. Ni na zaɓi kalmomin, na bar ta ta ɗinka masa rigar da ta ga dama. Ita 'yar gidan likitoci ce, ni kuma tun shekarar farko na koyi yadda ake ɓoye ƙunan dalma a yatsu.

Jiya sai ga Baba a ƙofar ɗakin gwaji, da rigar aikinsa mai hudojin ƙuna, da tabarau da aka ɗaure ƙafarsa da waya. Mota biyu ya hau. Ya ji ɗaya daga cikin tiranzistocin yana ɗaukar zafi, hankalinsa bai kwanta ba, shi ne ya naɗo wasu biyu a takarda ya kawo mini. 'Yar Awo tana tsaye, 'yan ajinmu uku suna kallo. Na ji bakina yana cewa, "Wannan mai gyaran unguwarmu ne."

Baba ya dube ni. Ya juya gare ta ya ce, "Haka ne, 'yata."

Sannan ya kunna na'urar, ya bar ta ta ɗan yi aiki, ya kashe, ya sunkuya ya kusantar da leɓensa na sama ga tiranzistan don ya ji zafinsa. Ya ajiye ƙunshin, ya yi mana fatan nasara, ya fita.

"Shekara biyu ina yi maka dariya a kan wannan ɗabi'ar," ta ce yanzu. "Duk makarantar nan kai kaɗai kake gwada zafin tiranzista da leɓe. Na tambaye ka inda ka koya, ka ce haka ka tashi. Jiya na ga inda ka tashi!"

"Masoyiya, ki saurare ni..."

"Kar ka ƙara kirana haka! Mahaifinka ne ko ba shi ba ne?"

"Shi ne."

"Kuma shi ya gyara wannan?"

"Shi ne."

Ta yi wata dariya mai ɗaci. "Dama na yi mamaki. Kai da liƙinka yake fitowa kamar kashin tsuntsu, dare ɗaya ka fara yin dalma mai sheƙi? Na ce a raina so ne ya gyara maka hannu. Ashe ni ce sakarya."

"Saboda ke na yi! Kin san gidanku. Kin san irin kallon da kawunki zai yi mini idan ya ji..."

"Oh, laifina ne ke nan? Ni na riƙe maka baki?" Ta matso har ina jin hucinta. "Ina shekara tara aka fita da mahaifina daga gida, bai dawo ba sai a makara. Da zai shigo ta ƙofar nan yau, ko tsumma ya ɗaura, wallahi a gaban kowa zan durƙusa. Kai naka ya hau mota biyu don kar aikinka ya ƙone, ka mayar da shi ɗan aike!"

Ta ɗauki jakarta. Ƙunshin tiranzistocin ma ta ɗauka, ban san dalili ba.

A gida, Yayata ce ta tare ni a bakin ƙofa. Ita ta riƙe mu tun rasuwar Inna.

"Sannu da zuwa, Injiniya. Gidan mai gyaran unguwarku kake nema? Ka wuce gaba, nan gidan ubanmu ne."

"Yaya, don Allah..."

"Bai faɗa mini ba, in kana son sani. Dawowa ya yi ya ƙi cin abinci, ya zauna yana goge tabarau har na zaci zai huda gilashin. Da ƙyar na ciro maganar daga bakinsa. Ka san me ya ce? Wai rigarsa ce ba ta dace da wurin ba, da ya sani ya canza! Kai ka yi laifi, shi yake neman uzuri."

Kwana uku ina zagaye shagon ban iya shiga ba. Na karanta yadda ƙaramar sigina take zama babba, na ci jarrabawa a kai, amma ban taɓa lissafa girman da kalma biyar za su yi a kunnen dattijo ba. Baba bai zage ni ba. Idan na gaishe shi yana amsawa, har ya tambaye ni karatu. Da ya mare ni da na samu sauƙi.

A rana ta huɗu da hantsi na yi ta maza na shiga. Na sami 'Yar Awo zaune a kan benci kusa da shi, amfilifayar a gabansu, tana riƙe masa allon yana liƙa sabon tiranzista. Ta rubuta cikakken sunansa a shafin godiya na rahotonmu, tana karanta masa. Da ta gan ni sai ta rufe rahoton.

Na durƙusa a kan siminti, cikin ɓarɓashin waya.

"Baba, na yi kuskure. Ka yafe mini."

"Tashi, za ka ɓata wandonka." Ya ajiye ƙarfen liƙin a mazauninsa. "Na yafe tun kafin in hau mota."

Na juya gare ta. "Gobe zan faɗa wa malamai gaskiya, ko da za su rage mini maki. Na rantse."

"Ka faɗa. Ba don ni ba." Ta miƙe. "Gobe za mu tsaya tare mu kare aikin nan, domin namu ne mu uku. Bayan nan kada ka turo kowa gidanmu."

"Haba, 'yata," Baba ya ce, yana cire tabarau. "Yaro ne, kunya ce ta ɗebe shi. Tun yana shekara shida yake miƙo mini waya a nan, na san zuciyarsa. Ni aka yi wa, kuma ni na ce ya wuce. Ki duba girman furfurata ki haƙura."

Mutumin da na ƙi a gaban jama'a, shi ne yake roƙa mini. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. Ta durƙusa a gabansa kamar yadda ban yi ba a ranar da ya kamata.

"Baba, kai ka haife shi, dole ka yafe. Ni ban haife shi ba. Wanda ya iya kallon idonka ya ce bai san ka ba, wata rana ni ma zai ji kunyar nuna ni, kuma ba ni da irin zuciyarka."

Ta yi masa sallama, ta bi ta gefena ta fita ba tare da ta waiwaya ba.

Na yunƙura zan bi ta, Baba ya riƙe mini hannu. Tafinsa yana da kaushi.

"Bar ta," ya ce a hankali. "Yarinyar nan ba ta yi ƙarya ba."